Goro nawa ne ciwon yau, Baba?

Ranar Jumma'ar da ta wuce wata maƙwabciyarmu a nan Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, ta shigo shagon ɗinkina da takardar likita a dunƙule cikin bakin mayafinta. An rubuta wa mahaifiyarta mofin, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, yayyenta maza sun ce ba za a sayo ba. Ɗaya ya ce ƙwaya ce irin ta 'yan tasha. Ɗayan ya ce in likitoci sun gaji da mutum shi suke ba shi don ya tafi da wuri. Ta zauna a kan benci ta ce, "Yaya, an ce kin ba Alhaji kafin ya rasu. Don girman Allah gaya mini gaskiya, shi ya kashe shi?"

Na ɗaga ƙafata daga kan keke, na bar wa yarinyata shagon, na je gida na ɗauko mata wani littafin rubutu na 'yan makaranta mai shuɗin bango. Wata bakwai na jinyar Baba suna cikinsa, awa bayan awa. Ni tela ce, iyakata sakandare, don haka kada wani ya ɗauki lambobin da zan ambata ya auna wa nasa majinyacin. Likita ne ya tsara wa Baba su, gwargwadon jikinsa da ƙodarsa da shekarunsa.

Baba ɗan kasuwar goro ne. Fiye da shekara arba'in yana ɗaure huhu a Kumasi yana turawa Legas da arewa. Yana da shekara 74 ciwon baya ya kama shi. Muka ce basir ne, muka ce sanyi ne, muka ce ɗaukar kayan da ya yi da ƙuruciya ne ya biyo bashinsa. Sai da fitsari ya fara gagararsa aka kai shi gwaji, aka ce kansar furostet ce, wannan ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ta riga ta bazu zuwa ƙashin baya da na ƙugu. Mu muna cewa ciwon daji, abokan cinikinsa Asantawa da suka zo gaisuwa suna cewa kokoram, da murya ƙasa-ƙasa kamar kada ciwon ya ji an ambace shi. Likita ya gaya mana ba batun warkewa, sai dai a rage masa gudu da allurar da ke kashe ƙarfin sinadarin mazakuta, wanda shi ne abincin irin wannan kansar. Allurar ta yi aiki kusan shekara biyu. Daga nan ciwon ya daina jin maganarta.

Watanni huɗun da suka biyo baya su ne har yau ba na son tunawa. Kowa a gidan ya zama likita. Farasitamol safe, rana, dare. Wani mai shagon magani ya haɗa mana da diklofenak, ya ce shi ne sarkin ciwon ƙashi, kuma gaskiya ya ɗan taɓa. Goggo ta kawo jiƙo a galan. Wani abokin Yaya, wana ke nan, ya kawo tiramadol. Ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar, ba wanda ya rubuta. In ciwon ya kai maƙura da dare, sai a ɗauko furagiya, keken haya mai ƙafa uku, a kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a yi masa allurar fetidin, ya yi barcin awa biyu ko uku, ya farka a inda ya tsaya, mu kuma an caje mu kuɗin gado.

Daga baya na gane ɓarnar da muka yi. Farasitamol yana da iyaka, giram 4 a yini ga babba mai lafiya, ga tsoho mai rauni ma ƙasa da haka, in aka wuce hanta ce ke biya. Mu kuwa muna ba shi ƙwayarsa, muna kuma ba shi wani maganin mura da wani na ciwon jiki waɗanda duk da farasitamol a cikinsu. Diklofenak da ɗan'uwansa aibufurofen suna cin bangon ciki, suna matsa wa ƙoda. Ranar da Mma, mahaifiyarmu, ta ce bayan gidan Baba ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ashe jini ne ke tsiyaya a cikinsa. Fetidin kuma maganin gajeren zango ne, in aka yi ta maimaitawa yakan bar wani dafi a jini mai sa karkarwa har da jijjiga, shi ya sa masana ba sa son a riƙe mai ciwon daji da shi.

Zubar jinin ce ta mayar da mu babban asibiti, a can wani likita ya tura mu wurin waɗanda ake kira 'yan faliyetif. Aikinsu kula da wanda ciwonsa ba ya warkewa, su sassauta masa azaba, su kama wa iyalinsa. Yaya da ya ji bayanin sai ya ce, "To, sun sallame mu ke nan." Ni ma haka na ɗauka.

Nas ɗin da ta karɓe mu Ba'asantiya ce, doguwa, ba ta gaggawa. Ta ja kujera ta zauna daidai fuskar Baba ta tambaye shi yadda jikin yake. Ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Mutumin da ya kwana yana cizon bakin filo don kada jikokinsa su ji nishinsa. Ta ce ya ba ciwon lamba daga sifili zuwa goma. Ya yi murmushi ya ce shi bai iya ƙirga ni'imar Allah ba balle jarrabawarsa. Na san halin tsohona, namiji ba ya raki gaban 'yarsa, kuma a ganinsa faɗin zafin ciwo kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce, "Baba, ƙwaryar goro ɗari ce ko?" Ya ce, "Tun kafin a haife ki." Na ce, "To in ciwon da ya fi kowane ciwo a duniya ƙwarya guda ne cur, na daren jiya goro nawa ne?" Ya yi shiru, ɗan kasuwar da ke cikinsa ya motsa. Ya ce, "Uwata, casa'in. Da biyar a kai in na juya." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Tun daga ranar da goro muke awo, nas ɗin ma ta koya, in ta zo sai ta ce da Hausarta mai karkata, "Alhaji, yau goro nawa?"

Ita ta zana mana tsani mai hawa uku a bayan kati. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fito da shi a 1986. Hawan farko na ciwo mai sauƙi, farasitamol da dangin aibufurofen. Na biyu na matsakaici, kodin ko tiramadol. Na uku na mai tsanani, mofin da 'yan'uwansa. Ta ce mu mun yi wata huɗu muna tsalle tsakanin hawan farko da na biyu da ciwon da tuni ya kai na uku. Magungunan hawa na biyu suna da rufi: tiramadol ba a wuce miligiram 400 a yini, kuma ko a ƙasa da haka yana iya kawo farfaɗiya ga wasu. Kodin kuwa sai hanta ta juya shi ya zama mofin kafin ya yi aiki, akwai mutanen da hantarsu ba ta iya juyin ba, su sha su yi ta jira a banza. Ta ce wanda ciwonsa ya kai casa'in ba a tilasta masa bin tsani ɗaki-ɗaki.

Da ta ambaci mofin sai ɗakin ya yi tsit. Dole in yi wa Yaya adalci a nan, tsoronsa ba daga iska ya zo ba. Duk wanda ke zaune a zango ya ga abin da tiramol, wato tiramadol, ya yi wa samarinmu. A wajen 2017 da 2018 maganar ta cika gidajen rediyo, ana kama masu ƙarfin miligiram 120 da 225 alhali na 50 da na 100 ne hukuma ta amince da su, aka kuma hana maganin tari mai kodin. Muna da ɗan ƙanen Mma da ya fara da ƙwaya ɗaya don ya jure aikin lodi, yanzu a tsaye yake barci a bakin kwata. Yaya ya ce ba za a mayar da mahaifinsa, Alhaji guda, ɗan maye a ƙarshen rayuwarsa ba. Baba kuma damuwarsa ɗaya ce: kada a gusar masa da hankali ya kasa salla, kada mutuwa ta zo bakinsa ya kasa kalmar shahada.

Limamin masallacin unguwarmu ne ya warware. Yaya ya kira shi yana zaton zai goya masa baya. Malam ya saurari kowa, sannan ya juya ga Baba ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ka kai ƙarshen Fatiha ba ka yanke ba?" Baba ya sunkuyar da kai. Malam ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma malamai sun yi magana a kan larura tun da daɗewa. Abin da likita ya auna don kashe ciwo daban, abin da yaro ya haɗiya don ya bugu daban. Ya ce, "Hankalin da kake tsoron rasawa ai ciwon nan ya riga ya fara cinye shi."

Na ruwa aka ba mu, a kwalba. An rubuta miligiram 10 cikin kowane mililita 5. Aka fara masa da miligiram 5, wato mililita biyu da rabi, ana zuƙa da sirinji marar allura a ɗiga masa a baki. Duk bayan awa huɗu: shida na safe, goma na hantsi, biyu bayan azahar, shida da magariba, goma na dare, biyun dare. Abin da ya fi ba ni wuya in fahimtar da mutanen gida shi ne ba a jiran ciwo ya zo. Mma takan ce, "Ai yana hira lafiya lau, me za ki ba shi?" To hirar da yake yi ai albarkacin na awa huɗun da suka wuce ne. Mofin na ruwa ƙarfinsa ba ya wuce wajen awa huɗu a jiki, in ka bari ya zare gaba ɗaya ciwon zai dawo da fushi, sai ka sha wuya kafin ka sake danne shi. Na ce wa Mma kamar murhun mai waake ne, ba a bari ya mutu sannan a fara neman ashana. Da wannan ta gane.

Bayan na ƙa'ida akwai na agaji. In ciwo ya ɓarko tsakanin lokuta, ko za a motsa shi don wanka, an yarda mu ba shi kashi ɗaya cikin shida na jimlar yininsa. Shida sau biyar talatin ke nan, na agaji biyar. Sharaɗin dai a rubuta. Daga nan littafin ya samo asali: lokaci, adadi, goro nawa kafin a sha, goro nawa bayan awa ɗaya, ya yi bayan gida ko bai yi ba. In nas ta ga ya nemi na agaji sau uku ko huɗu a yini, sai likita ya ƙara na ƙa'idar. Cikin mako biyu ya tsaya a miligiram 10 duk awa huɗu, goro ya sauko daga casa'in zuwa ashirin, wata rana sha biyar.

Kwana ukun farko ya yi ta gyangyaɗi, zuciyarsa na tashi. Yaya ya riƙa zuba mini ido irin na "ba na faɗa ba". An riga an gargaɗe mu, an kuma ba mu metokulofiramaid saboda tashin zuciyar. Nas ta ce rabin barcin nan bashi ne, mutum ya yi wata huɗu bai runtsa ba. A kwana na huɗu da asuba na shigo da kokonsa na tarar da shi zaune a kujera ya fuskanci gabas, yana karanta Sabbi a raka'ar farko, da muryarsa ta da. Na koma da baya na tsaya a tsakar gida da kwano a hannu har ya sallame.

Akwai abu ɗaya da jiki ba ya sabawa da shi, taurin ciki. Gyangyaɗi yana wucewa, tashin zuciya yana wucewa, wannan yana nan muddin ana shan maganin, domin mofin yana rage motsin hanji. An ba mu maganin sakin ciki tun ranar farko, Baba ya riƙa ɓoye shi ƙarƙashin katifa don a ganinsa lafiyar cikinsa ƙalau. Ni kuma yaya zan dubi mahaifina in tambaye shi ko ya zaga? Kwana shida ya yi, cikinsa ya yi tauri kamar ganga, ya rikice yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Muka ɗauka ajali ne. Nas ta zo ta taɓa cikin ta dube ni ta ce wannan shafin na littafin me ya sa babu komai a cikinsa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga ranar Mma ce ke tambaya ta gaya mini da ido, ni in sa alama. Ƙwayar sena da dare, laktulos in ta ƙi, ruwa da yawa, gwanda, miyar ayoyo a tuwonsa. Da aka gaya wa Baba cewa sena ɗin nan daga ganyen filasko ake yin ta, sai ya yi dariya har da riƙe ƙugu, ya ce a ce filaskon da kakarsa ke jiƙa musu ne Bature ya sa wa riga yake sayar masa. Bai ƙara ɓoyewa ba.

Da adadin ya zauna aka mayar da shi kan ƙwaya mai sakin kanta a hankali, miligiram 30 da safe, 30 da dare, na ruwan ya zama na agaji kawai. Nan na fara yin barcin kirki. Ita wannan ƙwayar ba a daka ta, ba a tauna ta, in aka fasa ta abin da ya kamata ya fita cikin awa goma sha biyu sai ya fita lokaci guda. Na kama Goggo da turmin daka yaji za ta niƙa masa a koko, da kyakkyawar niyya. Kwalaben ruwan ma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, duk sabuwar da aka kawo sai na karanta jikinta kafin in zuƙa.

Ba kowane ciwo ne mofin ke ji ba, wannan ma sai da muka koya. A wata na uku wani sabon abu ya fito, yana tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinyar hagu har yatsu. Baba ya ce ba ciwo ba ne, barkono ne aka zuba a jijiya, wani lokaci kamar ya taɓa wayar lantarki. Ko zanen rufa ba ya so ya taɓa wurin. Ƙarin mofin bai yi masa komai ba sai barci. Likita ya ce ciwon jijiya ne, kansar ta danne wata jijiya a inda take fitowa daga ƙashin baya. Maganinsa daga wani gida yake. Akwai amitiriftilin, mai araha, asalinsa na ciwon damuwa ne, amma yana iya riƙe fitsari, ga mai matsalar furostet kuwa wannan ƙarin wahala ne. Sai aka zaɓi gabafentin, wanda asalinsa na farfaɗiya ne, aka fara da kaɗan da dare ana ƙarawa sannu a hankali. Ya ɗauki fiye da mako kafin barkonon ya huce. An kuma ba shi deksametazon na 'yan kwanaki don ya sace kumburin da ke kewaye da jijiyar, wannan ƙwayar da wasu 'yan mata ke sha ba bisa ƙa'ida ba don su yi ƙiba. Da safe ake sha don tana hana barci, tana kuma ɗaga sukari. Ta buɗe masa ciki, har ya aika a sayo masa tsire. An ja mana kunne cewa in ƙafafunsa suka yi nauyi farat ɗaya, ko fitsari da bayan gida suka kufce masa, kada mu jira gari ya waye, alama ce ta an danne laka.

Sannan aka yi katsewar da ta kusa rushe komai. Inda muka saba karɓar maganin aka ce ya ƙare. Na bi kantunan magani daga Adum har Bantama, motar haya bayan motar haya, da takarda a hannu. Wasu su ce ba sa ajiye shi saboda yawan rubuce-rubucen da hukuma ke nema, wani yaro a bayan kanta ya dube ni sama da ƙasa kamar ni ce mai sha. Tiramol na bayan fage kuwa, da shi nake nema, kafin in kai bakin titinmu na samu. Kwana biyu Baba ba magani. Ciwon ya dawo ƙwarya guda cur, ga gumi, ga hamma, ga hanci na zuba, ga zawo da murɗar ciki. Yaya ya ce, "Kin gani ko? Ya kamu." Na kira nas ina kuka. Ta ce jiki ne ya saba, kuma duk wanda ya yi makonni yana shan irin wannan magani haka zai yi in aka yanke masa rana ɗaya, shi ya sa ake janye shi da kaɗan-kaɗan. Kamuwa irin ta 'yan ƙwaya ita ce mutum ya riƙa farautar abin don daɗinsa, yana ƙarya yana sata, ko da yana kashe shi. Ita ta buga waya nan da can har aka samo mana. Tun daga nan ba na bari ya rage ƙasa da na mako guda ban fara nema ba.

Na zauna daga baya na yi ta karatu a waya don haushin abin bai sake ni ba. Mofin ba sabon abu ba ne, fiye da shekara 200 ke nan da wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ƙaron furen fofi. Ba shi da tsadar haɗawa. Amma wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2017 cewa cikin kusan tan 300 na irin wannan magani da ake rabawa a duniya duk shekara, kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne ke isa ƙasashe mafiya talauci. Amurka ta sha fama da yawansa, mu muna fama da rashinsa, kuma labarin nasu ne ke ƙara tsorata namu. Uganda ta nuna ana iyawa: Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, suka riƙa haɗa na ruwa daga gari da araha, a 2004 ƙasar ta ba nas-nas masu horo na musamman izinin rubuta shi don kada na ƙauye ya jira likita.

Amsar Yaya ta zo da kanta a wata na biyar. Ciwon ƙugun dama ya tsananta a wuri ɗaya, aka tura mu gashin na'ura a asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee. Zama ɗaya aka yi masa, bai kai minti ashirin a ɗakin ba. Kwana biyun farko ciwon ya ɗan ƙaru, an ce mana zai iya yin haka. Bayan mako biyu sai Baba ya fara barci fiye da kima, yana magana yana lumshe ido. Na ƙirga numfashinsa kamar yadda aka koya mini, na duba ƙwayar idonsa, na kira nas. Ta ce albishir ne: gashin ya kashe ciwon ƙashin, maganin ya yi masa yawa yanzu. Aka rage kashi ɗaya cikin uku. Baba bai tambayi inda sauran ya tafi ba, bai ma lura ba. Na kai wa Yaya littafin na buɗe masa shafin, ban ce komai ba.

Ƙanenmu da ke Bronx a Amurka ya yi ta waya a sa wa Baba filastar fentanil, wai can ita ake yayi. Ana manna ta a fata ta yi awa 72. Likita ya ce tana da amfani ga wanda ba ya iya haɗiya ko wanda ƙodarsa ta raunana, don mofin yana taruwa a jinin mai ciwon ƙoda. Amma tana ɗaukar rabin yini kafin ta fara aiki, ba ta dace da ciwon da ke hawa da sauka ba, zafi yana sa jiki ya zuƙe ta fiye da kima, gumi yana ɓamɓare ta. Ɗakin Baba rufin kwano ne, a watan Maris, ga ɗauke wuta. Ga tsada, ga wuyar samu. Muka bar ta.

Akwai shafuka a littafin da ba magani ne ya rubuta su ba. Wajen wata na shida na lura na agaji yana yawaita tsakanin sha biyun dare da asuba, da rana kuwa shiru. Wani dare na zauna gefensa, sai ya ce, "Uwata, Kawunki bai zo ba." Shekara tara ba sa magana saboda gidan gado. Matar da ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher's a Landan a 1967, Cicely Saunders, ta ce ciwon mai barin duniya dunƙule yake, da na jiki da na zuciya da na iyali da na tsakaninsa da Mahaliccinsa. Mma ba ta taɓa jin sunanta ba, amma ita ta yafa mayafi ta tafi Asawase da ƙafarta ta zo da Kawu. Suka rufe ƙofa tun la'asar har isha. Dare huɗu a jere babu na agaji ko ɗaya. A na biyar ya dawo, don kansar ba ta san an yi sulhu ba.

Kwalbar da ƙwayoyin a cikin tsohuwar akwatin ƙarfen da Baba ke ajiye kuɗin ciniki suke kwana, da kwaɗo, makullin a wuyana. Gidanmu gidan yawa ne, yara suna shiga ko'ina, ga kuma ɗan ƙanen Mma da ya fara yawan zuwa gaisuwa. Cokali ɗaya na abin da Baba ke sha lafiya lau zai iya tsayar da numfashin yaro.

A makon ƙarshe haɗiya ta gagara. Nas ta sa masa wata 'yar ƙaramar allura ƙarƙashin fatar damtse, ta nan ake ba shi, adadin kuma an rage shi don na allura ya fi na baki ƙarfi. Yawanci barci yake, in ya farka ya san mu. Ranar Laraba da hantsi na sunkuya na ce, "Baba, goro nawa?" Ya ɗaga yatsu uku. Kawu na gefensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓɓan Baba suna binsa. Ya cika daren Alhamis, wata bakwai da kwana tara bayan ɗigon farko. Bayan sadakar bakwai na mayar da ragowar maganin asibiti, mai haɗa magani ta auna ta rubuta, na sa hannu.

Maƙwabciyata ta zauna a kan bencin nan tana juya shafuka har aka kira la'asar. Ta ce in ara mata ta kai wa yayyenta. Na ce ta tafi da shi, amma ta kula da bangon baya, akwai lissafin wani huhun goro da Baba ya yi da hannunsa ranar da ya ji ƙarfi. Ranar Lahadi ta dawo da shi a cikin leda, ta ce babban ya yarda a gwada na mako ɗaya, tana tambayar inda ake sayar da sirinji marar allura. Na ba ta biyu da suka rage mini, na ɗauko akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe, na ciro makullin daga zaren da yake na miƙa mata.